Tambaya kan laburaren gundumar Washington a Maryland, wai da gaske a keken doki suka fara kai littafi ƙauye?

Baƙon Hagerstown ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Amurka, ko kuma masu ilimin harkar laburare ko ina suke. Wata biyar kenan da zuwana garin Hagerstown a jihar Maryland, aiki ne ya kawo ni. Satin da na sauka ina neman inda zan buga wasu takardu sai wani abokin aikina ya ce in je laburare da ke kan titin South Potomac, na je na buga, kafin in fita matar da ke kan tebur ta ce ko ina son kati, na ce nawa ne, ta ce kyauta, abin da kawai ta nema shi ne katin shaida da wata takarda mai ɗauke da adireshina. Ranar na fito da littafi 3.

To abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayan kamar sati biyu ina Williamsport, wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Potomac, sai na ga laburare a can ma, na shiga da littattafan nan a jakata don in tambaya kawai, sai suka karɓa suka ce ai duk abu ɗaya ne, na gunduma ne baki ɗaya ba na gari ba. Sannan na ga wani tsohon hoto na keken doki mai kantoci cike da littattafai an tsaya a ƙofar wani gidan gona, wai nasu ne, kuma wai su suka fara yin haka a duk Amurka.

Shi ne nake tambaya, wa yake biyan kuɗin duk wannan? Me ya sa aka yi shi na gunduma maimakon kowane gari ya yi nasa? Kuma labarin keken dokin nan gaskiya ne ko dai irin abin da kowane gari ke faɗa don ya ɗaga kansa ne? Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don ni inda na taso sai ka shiga mota ka yi tafiyar awa guda kafin ka ga laburare. Na gode.

Tsohon Ma'aikacin Laburare ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka faɗo gidan da ya dace, kuma Allah ya kai ka garin da duk wanda ya karanci aikin laburare ya taɓa jin sunansa. Ni ban taɓa taka Amurka ba, a Zariya na yi karatuna, amma sunan Hagerstown da na matar da zan ba ka labarinta sun zauna mini tun ina ɗalibi.

Da farko kada masu karatu su rikice, gundumar Washington da ake magana ba babban birnin Amurka ba ce. Gunduma ce a yammacin Maryland, abin da za mu iya kwatantawa da ƙaramar hukuma amma mai ikon karɓar harajinta da kashe shi, an kafa ta a 1776, Hagerstown ce hedikwata. A shekarar 1900 mutanenta ba su wuce kamar 45,000 ba, kuma yawancinsu manoma ne a warwatse cikin ƙasa mai faɗin murabba'in mil sama da 450, ga duwatsu gabas da yamma, ga hanya duk ta ƙasa. A wancan lokaci laburare a Amurka abin birni ne. Gari mai kuɗi ya gina nasa, mutumin ƙauye kuwa ba ruwan kowa da shi tunda ba ya biyan harajin garin.

An yi wa laburaren rajista a 1898. Wani attajiri mai suna Benjamin Newcomer, wanda ya yi arzikinsa a Baltimore amma asalinsa ɗan gundumar ne, ya ba da dala 50,000, irin abin da mu za mu kira waƙafi, a ajiye uwar kuɗi a riƙa cin ribarta. Wani kuma Edward Mealey ya ba da fili a kan titin Summit, hukumomin gari da na gunduma suka ɗauki alkawarin ba da wani abu duk shekara. Aka buɗe ƙofa a watan Agustan 1901. Kalmar nan ta kyauta tana cikin sunansa na Turanci, Washington County Free Library, tun daga ranar farko, kuma an sa ta ne da gangan, domin kafin nan laburare da yawa sai ka biya kuɗin shiga ƙungiya kafin ka ari littafi.

Amma gini da kuɗi ba su ne suka sa ake tunawa da wurin ba, matar da suka ɗauko ta riƙe shi ce, Mary Titcomb. 'Yar jihar New Hampshire ce, an haife ta a 1852, ta yi shekaru tana riƙe da laburaren garin Rutland a Vermont kafin ta zo Maryland tana dab da shekara 50. Da ta zo sai ta duba sunan da aka rubuta, laburaren gunduma, ta duba masu shigowa ta ga duk 'yan cikin Hagerstown ne. Manomin da ke nesa da mil 20 ba zai ɗaura wa doki sirdi ya ɓata yini guda don ya ari littafi ba, ballantana ya sake ɓata wani yinin don ya mayar. Sai ta sa aka ƙera akwatunan katako masu cin littafi kamar 50, aka riƙa ajiye su a shagunan ƙauye da gidajen waya da makarantun coci na ranar Lahadi, har da gidajen mutane, mai shago ko matar gida ita ce ke rubuta sunan wanda ya ara. Bayan wata biyu zuwa uku a zo a ɗauke akwatin a kawo wani da sababbin littattafai. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan tashoshi suka kai 66. Ka tsaya ka yi tunani, 66 a gunduma guda, ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba.

Duk da haka ta lura akwai waɗanda ko shagon ƙauyen ba sa zuwa sai jefi-jefi, mutanen gefen dutse da gonakin da ke can ciki. Daga nan ne maganar keken doki ta taso, kuma labarin gaskiya ne ɗana, ba ƙirƙira ba. A watan Afrilun 1905 keken ya fara fita. An ƙera shi a kan dala 175, dawakai biyu ke jansa, kantocin suna ta waje ta yadda in an buɗe murfin gefe mutum yana tsaye a ƙasa zai ga bayan littattafai ya zaɓa, kamar 200 ake jerawa, tsakiyar kuma a loda akwatunan da za a sauke a tashoshi.

Wurin da ya fi burge ni shi ne wanda ta zaɓa ya tuƙa. Ba ta nemo wani mai digiri ba, Joshua Thomas ta ba, mai share-share da kula da ginin laburaren. Ɗan ƙasa ne, tsohon soja a yaƙin basasar Amurka, ya san kowace hanya kuma mutane sun san shi, yana magana irin tasu. Ta san in baƙo sanye da kwat ya tsaya a ƙofar manomi ya ce ga littafi kyauta, abin da zai fara zuwa ran manomin shi ne me ake so a sayar mini. Ta kuma ja masa kunne kada ya yi gaggawa daga gida zuwa gida, ya bar kowa a gidan, miji da mata da yara, ya juya littattafan ya zaɓi abin da ransa ke so.

Sun ɗan yi kuskure da farko, don baƙin fenti aka yi wa keken, sai wasu suka ɗauka keken ɗaukar gawa ne har aka kore shi daga ƙofar wani gida. Aka koma aka shafa masa ja a jikin murafen. A wata 6 na farko ya yi fita 31, ya raba littafi 1,008. A watan Agustan 1910 jirgin ƙasa na kaya ya buge keken a wata mahaɗar hanya da layin dogo, Allah ya kiyaye Joshua da dawakan suka tsira amma keken ya tashi aiki. Aka yi sama da shekara babu, sai a 1912 suka dawo da mota ƙirar International Harvester wadda aka yi wa kantoci. Tun daga nan mota ke bin mota. Ita kuwa Mary Titcomb tana kan aikin har ta rasu a 1932, kuma abin da take yawan faɗa shi ne littafi ne zai je wurin mutum, ba za a zauna jiran mutum ya zo wurin littafi ba.

Na yi tsawo, ka yi haƙuri, abin ne yake taɓa ni.

Maman Yara a Frederick ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Baba, Allah ya ƙara lafiya, ni da nake maƙwabtaka da wurin ma ban san rabin wannan ba. Ƙanina barka da zuwa, mu muna gundumar Frederick, dutse ɗaya ne tsakaninmu da ku, shekarata 11 a nan.

Bari in amsa maka ta ɓangaren kuɗi tunda shi ka fara tambaya. Ba kyauta ba ne fa yadda kake gani, kai ma kana biya, sai dai ba a bakin ƙofa ba. Mafi yawan kuɗin daga kasafin gunduma yake fitowa, wato harajin gidaje da filaye da kuma wani kaso na harajin albashi, in ka duba takardar albashinka za ka ga ana cire na jiha da na gunduma, in kuma haya kake to mai gidan ya riga ya saka harajin gidan cikin kuɗin hayarka. Jiha ma tana ƙara nata gwargwadon yawan mutane, sai kuma gudummawar masu hali da 'yan ƙungiyar masoya laburare da ke sayar da tsofaffin littattafai suna tara ɗan abin da ya samu. Shi ya sa ni ba na jin nauyin shiga ko kaɗan, kuma nake gaya wa duk wata baƙuwa da ta zo kada ta ji kunya, haƙƙinta ne.

Naku na gundumar Washington banda babban na Hagerstown akwai rassa a Boonsboro, Clear Spring, Hancock, Keedysville, Sharpsburg, Smithsburg da Williamsport ɗin da ka shiga. Wasu ƙanana ne sosai, ɗaki biyu uku, amma duk littafin da ke babban gida in ka nema ta kwamfuta ko ta waya mota za ta kawo maka shi reshen da ke kusa da kai cikin 'yan kwanaki, ka ga ai akwatin da Baba ya faɗa ne ya canza kama. Ginin da ka shiga a South Potomac ba shi ne na 1901 ba, sun koma wurin a 1965, daga baya aka sake gina shi aka faɗaɗa aka buɗe a 2013. Mutanen gundumar yanzu sun haura 150,000.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, a Maryland katin gunduma ɗaya yana ba ka damar yin rajista ka ari littafi a sauran gundumomin jihar, ni da kaina na yi amfani da nawa a wajen Frederick. Akwai kuma manhajar Libby da za ka sa a waya ka ari littafi na karantawa ko na saurare ba ka fita ko ƙofar gida ba, ni da ita nake sauraro in ina girki.

Amma gaskiya abin da ya fi amfanata ba littafi ba ne ma. Lokacin da na zo ban san kowa ba, maigida yana wurin aiki tun safe, sanyi kamar ya kashe mutum, ga yaro ɗan shekara biyu. Lokacin karanta wa yara labari da suke yi da hantsi shi ne wurin da na fara fita ni kaɗai, a can na fara jin Turancinsu yana shiga kunnena, a can na haɗu da wata 'yar Sudan da har yau muke zumunci. Ba wanda ya taɓa tambayata me na zo saya.

Mai Bin Diddigi ya rubuta:

Malam Allah ya saka da alheri, amma da izininka zan ɗan yi gyara a wuri biyu, sannan in ƙara wani abu da bai kamata a tsallake ba.

Na ɗaya, kada wani ya ɗauka na Hagerstown ne farkon laburaren gunduma a Amurka, don mutanen gundumar Van Wert a jihar Ohio ba za su yarda da haka ba. Nasu, wanda ake kira Brumback da sunan mutumin da ya bar wasiyyar gina shi, an yi bikin ƙaddamar da shi ranar 1 ga Janairun 1901, wata 7 kafin na Maryland, kuma tun 1898 jihar Ohio ta yi dokar da ta ba gunduma damar sa haraji don riƙe shi. Shi ya sa aka fi cewa na Hagerstown shi ne na biyu. Na biyu, keken littafi a Amurka ne ake ba su farko, ba a duniya ba, domin a Ingila garin Warrington ya yi keken doki mai yawo da littattafai tun 1858.

Sannan ni ina ganin hoton keken nan yana ɗauke hankalin mutane daga ainihin abin. Littafi 1,008 a wata 6 ba wani yawa ba ne in aka kwatanta da abin da tashoshi 66 ke fitarwa. Keken ya yi suna ne saboda yana da kyan hoto. Abin da ya riƙe laburaren shekara 120 da ɗoriya shi ne layin nan da ke cikin kasafin kuɗin gunduma wanda ake sabuntawa duk shekara ko an canza shugabanni. Attajirai da yawa sun gina laburare, Andrew Carnegie shi kaɗai ya biya kuɗin gina 1,689 a Amurka, amma shi ma sharaɗinsa shi ne gari ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wurin riƙe shi, don ya san gini ba ya sayen sabon littafi kuma ba ya biyan albashi.

Abu na ƙarshe, kuma mu baƙar fata ya kamata mu riƙe shi. Kalmar kowa da kowa a tarihin laburaren Amurka ba kowa ta haɗa ba. A jihohin kudu an yi shekaru ana hana baƙar fata shiga laburaren da harajinsu ke ciki. A 1961 ɗalibai 9 na kwalejin Tougaloo sun shiga babban laburaren birnin Jackson a Mississippi suka zauna suna karatu, 'yan sanda suka kama su. Katin da aka miƙa maka da murmushi ɗan uwa, akwai waɗanda suka kwana a kurkuku kafin ya zama haka.

Tsohon Ma'aikacin Laburare ya rubuta:

Na karɓi gyaran Van Wert da na Warrington, haka yake, na gode. Maganar Jackson kuwa ka kyauta da ka kawo ta.

Amma kan keken ban bi ka duka ba. Gaskiya ne kuɗin shekara-shekara shi ne ƙashin baya, sai dai ka tambayi kanka me ya sa manomi zai yarda a ci gaba da cire harajinsa ana ba wani gini da ke Hagerstown wanda bai taɓa shiga ba? Ya yarda ne saboda abin ya zo ƙofar gidansa, 'yarsa ta karɓi littafi daga hannun mutumin da ya sani. Waɗannan 1,008 ɗin sun je hannun mutanen da ba don keken ba ko ɗaya ba za su samu ba, kuma su ne masu jefa ƙuri'a. Na yi aikin nan shekaru, na ga yadda ake yanke kuɗin laburare cikin sauƙi in mutanen gari ba su san me ake yi a ciki ba, ba mai ɗaga murya.

Kuma tsarin ya bazu ne saboda ya warware matsalar da ƙaramin gari ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙauye mai mutum 500 ba zai iya ɗaukar ƙwararren ma'aikaci ya sayi littafi dubbai ba, amma ƙauyuka 30 da birni ɗaya in sun haɗa tukunya za su iya, littafi ɗaya ya zagaya wuri goma. Jihar Kalifoniya ta ɗauki wannan ta yi dokar laburaren gunduma a 1911, gundumominta suka bi ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin tarayya kuwa ba ta sa hannu sosai ba sai 1956 da aka yi dokar tallafa wa laburare a karkara, kuɗin nan ya sayi motocin littafi masu yawa a jihohi, shekara 51 bayan Joshua Thomas ya fara kaɗa dawakansa.

'Yar Kano ta rubuta:

Ni dai ina karanta bayanin akwatunan nan na Baba sai shagon hayar littafi na unguwarmu ya faɗo mini. Muna 'yan mata akwai wani mai shago da ke ajiye littattafan Hausa a kwali, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan ka tafi da ɗaya kwana biyu, yana rubuta suna a wani tsohon littafin makaranta, matan aure kuma yara suke aikowa. Ba wanda ya kira shi laburare amma rabin matan layinmu a wurinsa suka saba da karatun boko na Hausa. Bambancin kawai shi ba wanda yake zuwa bayan wata biyu ya canza masa kwalin da sababbi, in ya samu kuɗi ya je kasuwa ya saro, in bai samu ba mu maimaita waɗanda muka karanta har bangonsu ya cire.

Baƙon Hagerstown ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Anti na gode, Yaya Mai Bin Diddigi da 'yar uwa daga Kano duk na gode. Ban zaci zan samu wannan duka ba.

Jiya Asabar na koma na tambayi matar kan teburin ko suna da wani abu kan Mary Titcomb, sai ta nuna mini wani ɗaki da suka keɓe don tarihin yammacin Maryland, akwai tsofaffin hotuna da taswirori da takardun iyalai, na zauna kusan awa biyu. Na kuma duba takardar albashina kamar yadda Anti ta ce, ga harajin nan kuwa ana cirewa. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu ina so in tuƙa zuwa reshen Hancock, sun ce can ne ƙarshen gundumar ta yamma inda Maryland ta tsuke har faɗinta bai kai mil 2 ba tsakanin Pennsylvania da kogin, ina so in ga nisan da idona in ƙiyasta yadda zai kasance a kan doki.

Anti tambaya ɗaya ta rage, na nemi littafin Hausa a kwamfutarsu ban samu ko ɗaya ba, matar ta ce akwai fom da ake cikawa su aro daga wani laburaren ko na jami'a, na cika na ba ta. Ke kin taɓa gwadawa, kwana nawa yake ɗauka kafin ya iso?